Mummunar Bindiga da Kyakkyawan Alkawari

Akwai wata ƙaramar bindiga da ake ƙerawa a garin Mansfield na jihar Ohio a Amurka, wadda ko masoyanta ba sa musun cewa mummuna ce. Sunanta Hi-Point C9. Na taɓa riƙe ta sau ɗaya, babu harsashi a ciki, a wani shagon kayan farauta, shekarar da na kai wa wani ɗan'uwanmu ziyara a can. Kanta ƙato ne mai kusurwa kamar bulo, mariƙinta roba ce, in ka ɗaga ta sai ka ji nauyin ya rinjaya sama kamar ƙaramar yarinya ta ɗauki tulu. A gefenta cikin gilashi an jera wasu bindigogin masu sheƙi, sirara, kowacce da takardar farashi mai ninki biyu ko uku na tata. Ita kuwa kuɗinta bai wuce dala 200 ba. Mai shagon ya ga ina jujjuya ta ina murmushi, shi ma ya dara, ya gaya mini kowa dariya yake mata, amma ba ta daɗewa a kanta.

Ƙannena, kada wani ya ɗauka ina rubutun nan ne don in kwaɗaita masa sayen bindiga. Zan zo kan dokar ƙasarmu, kuma ba ta wasa. Na ɗauko bindiga ne saboda a kanta darasin sayen abu mai araha ya fi fitowa fili. In ka sayi waya mai araha ta mutu, kuɗi ka yi asara. In ka sayi takalmi ya tsinke, ka koma gida da ƙafa. Bindiga kuwa in ta saɓa, da yatsu take tafiya, ko da ido, ko da ran wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka duk wanda ya iya auna bindiga mai araha, ya iya auna babur da janareto da injin ban-ruwa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, sai dai mutane kan ji karin maganar su tsaya a rabinta. Duk abin da aka sayar da araha, an rage wani abu ne a jikinsa, don babu ɗan kasuwar da ke buɗe masana'anta saboda sadaka. Tambayar da nake so ta zauna muku a baki ita ce: a ina aka rage? Wani a ado yake ragewa. Wani kuma sai ya bar adon, ya rage a wurin da ido ba ya kaiwa.

Mu koma kan mummunar nan mu ga inda aka rage mata. Yawancin ƙananan bindigogi masu harsashi irin nata, wato mai milimita 9, an ƙera su ne yadda bututu da marfin sama za su kulle da juna na ɗan ƙiftawar ido bayan an ja kunama, har ƙarfin fashewar ya ragu, sannan marfin ya ja da baya ya tofar da kwanso. Wannan kullewa tana buƙatar ƙarfe mai tauri da sassaƙa ta inji mai auna gashi, kuma a nan kuɗi ke tafiya. Tom Deeb, wanda ya kafa kamfanin a 1992, sai ya bi wata hanya. Ya bar bututun a kafe, ya yi marfin da nauyi sosai, yadda nauyinsa da ƙarfin sifirin kaɗai za su riƙe shi har harsashin ya fita. Marfin ma ba sassaƙa shi ake yi ba, zubi ne, da wani haɗin ƙarfe na tutiya da ake kira Zamak. Wanda ya taɓa tsayawa gun maƙeran fari yana kallon yadda ake zuba tukunyar dalma, ya san bambancin wahala tsakanin zubi da sassaƙa. To ƙaton kan nan da ake wa dariya, shi ne kuɗin da aka rage. Munin nata ba ganganci ba ne, lissafi ne.

An rage a wasu wuraren ma, kuma duk a bayyane. Harsashi takwas take ɗauka, alhali Glock 19, wadda ake sayarwa sama da dala 500, tana ɗaukar 15 kuma ta fi ta rashin nauyi. Kwance ta don wankewa aiki ne, sai an nemi abin bugun ƙusa an fitar da wani ɗan fil. Ba a ƙera ta don wanda zai riƙa harba dubbai a kowane wata ba. Duk waɗannan mai saye yana ganinsu ko yana jinsu a hannu tun kafin ya biya. Ba a ɓoye masa komai ba.

Sai kuma abin da ya sa ake labarinta: garanti. Kamfanin ya yi alkawarin gyara ta kyauta har tsawon rayuwarta, ko a hannun wa take. Ko kai ne mai saye na farko ko na biyar, ko kana da rasit ko ba ka da shi, in ta lalace ka aika musu, su gyara ko su canza. Ku tsaya ku yi lissafin wannan a matsayin 'yan kasuwa. Kayan da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, in kashi mai yawa na dawowa gyara, kamfanin ba zai shekara biyar ba. Wannan kuwa ya haura shekara talatin yana wannan alkawari. Ba na cewa bindigar ba ta da aibi. Ina cewa wanda ya ƙera ta ya ɗaura wuyansa a jikinta, kuma wuyan bai tsinke ba.

Dariyar da ake mata ma tana da nata labarin. A 2019 kamfanin ya ce jama'a su zaɓa wa sabon samfurinsa suna, sai samarin can suka yi taron dangi a kan wani sunan shaƙiyanci, Yeet Cannon, wanda kalmarsa ta farko tana nufin wurgi da ƙarfi, wato dai in harsashi ya ƙare sai ka jefi mutum da ita. Kamfanin bai yi fushi ba, ya karɓi sunan ya buga a jikin kayansa. Mai kayan da ya san abin da yake sayarwa ba ya jin zafin tsokana. Ku tuna kuma ita kanta Glock, da ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980, an yi mata irin wannan dariyar, ana cewa bindigar roba ce mai kama da akwati. Yau ita ce a ƙugun 'yan sanda a ƙasashe da dama, kuma idon mutane ya saba har ana ganin kyanta. Ido ɗan koyo ne, abin da ya ga masu kuɗi na riƙewa shi yake kira kyakkyawa.

A nan akwai abin da ke ci mini rai. Yawancin masu yi wa irin wannan bindiga dariya, mai ita suke wa dariya. Wa ke sayenta? Mai gadin dare, matar da ke tashi daga aiki ƙarfe biyu a unguwar da ba ta da tsaro, tsohon da kuɗin fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Irin dariyar ce da nake ji a majalisarku in wani ya fito da waya mai madannai, ko ya zo ɗaurin aure a kan tsohon babur ƙirar Boxer. Na ga yaran da suka ci bashi don gudun wannan dariya. Shi kuwa Boxer ɗin, ko a ƙauyen da babu asibiti ya mutu maka, za ka sami mai gyara da kayan gyara a gindin bishiya.

Kada dai in yi wa araha kirari fiye da kima. Araha ba ta zaɓen hannu. Bindiga mai sauƙin kuɗi tana isa ga mai gadi, tana kuma isa ga mugu, kuma 'yan sandan Amurka sun sha tsintar irin waɗannan a wuraren da aka yi ta'asa. Ɗaya daga cikin makaman da aka yi kisan makarantar Columbine da su a 1999 doguwar Hi-Point ce. Garanti bai da abin cewa a kan wannan.

Yanzu ga ɗaya nau'in arahar, wadda ta bar ado ta rage a ciki.

A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisar Amurka ta yi dokar da ta toshe shigo da ƙananan bindigogi masu araha daga waje. Dokar ta rufe ƙofar waje amma ta bar ta gida a buɗe. Wani mai aikin injin ƙarfe a Kalifoniya, George Jennings, ya ga giɓin, ya kafa Raven Arms a 1970. Daga shi sai dangi da abokan hulɗa suka yi ta buɗe nasu a kewayen Los Angeles: Jennings, Bryco, Davis, Lorcin. Kayansu ƙanana ne, da yawansu an shafe su da ruwan ƙarfe mai walƙiya, wasu da mariƙi fari mai kama da lu'ulu'u. In ka jera ɗaya kusa da Hi-Point ka kira yaro ya zaɓa, ba zai yi dogon tunani ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

A 1994 wani yaro ɗan shekara bakwai yana gida a Kalifoniya, wani saurayi na kusa da iyalin ya ɗauko Bryco 38 don ya cire mata harsashi. Niyyarsa kariya ce. Amma an ƙera bindigar ne yadda ba za a iya jan marfinta a fitar da harsashin da ke ciki ba sai an zare sakatar da ke hana ta tashi. Wato a daidai lokacin da hannu ke kokawa da ita, a lokacin take a shirye. Ta tashi, harsashin ya sami yaron, ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. A 2003 kotu ta ɗora wa ɓangaren kamfanin diyyar kusan dala miliyan 24. Nan take kamfanin ya ce ya karye. Da aka zo gwanjon masana'antar a 2004, yaron da masu tausaya masa sun tara kuɗi don su saye ta su narkar da abin da ya rage, suka taya har dala 505,000. Tsohon shugaban ma'aikatan wurin ya ɗora dubu biyar a kai, ya saye, aka ci gaba da ƙira da sabon suna, Jimenez Arms.

Ku lura da wani abu. Waɗannan ma da tutiya ake zuba su, kamar Hi-Point. Ƙarfen ɗaya ne. Bambancin yana ga abin da mai ƙira ya yarda ya sadaukar. Ɗaya ya ce a bar ta ta yi muni da nauyi. Ɗaya ya ce a bar ta ta yi ƙyalli, sauran kuma Allah ya kiyaye.

Wani zai ce ina hukuma? Abin mamaki, hukumar Amurka mai kula da lafiyar kayan masarufi, wadda ke iya tilasta a janye abin wasan yara ko tukunyar lantarki daga kasuwa, doka ta hana ta taɓa bindiga da harsashi. Babu wata hukumar tarayya da za ta tilasta wa kamfani ya janye bindiga mai lahani. Abin da ya rage wa mai saye shi ne kotu, da sunan kamfani, da takardar garanti. Shi ya sa mutanen can suke yi wa wannan takarda karatun ƙwaƙwaf, kuma shi ya sa nake ganin za ku ƙaru da yadda suke karanta ta.

Darasi na farko daga Taurus yake. Kamfanin Brazil ne, an kafa shi a Porto Alegre a 1939. A 1980 ya sayi masana'antar Beretta ta Sao Paulo, ya ci gaba da ƙera bindiga mai kama da ta Beretta sak a kan farashi mai sauƙi. Kayansa suna da kyan gani, kuma ya shahara da alkawarin gyara na tsawon rai. Duk da haka a 2015 ya amince da sulhu a wata ƙara ta taron masu saye da ta shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya, samfuri tara, waɗanda aka yi zargin suna iya tashi in sun faɗi ƙasa, wasu ma ko da sakata a rufe. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda ya karɓi kayan ya gyara, ko ya canza, ko ya biya. Don adalci, samfuran da ya fitar daga baya sun sami yabo, kuma suna cikin waɗanda aka fi saye a ajinsu. Abin da nake so ku ɗauka shi ne alkawarin gyara ba shaidar inganci ba ne kai tsaye. Bindigar da ta tashi a ƙugunka za a canza maka ita kyauta. Cinyar fa?

Ruger kuma akasin haka ne, kuma labarinsa yana ba ni sha'awa. In ka buɗe kwalin sabuwar bindigarsu ba za ka tarar da katin garanti ba. Abin da za ka tarar a littafin bayani shi ne wani ɗan sashe da ke gaya maka dalilin rashinsa: wata dokar tarayya ta 1975 ta gindaya sharuɗɗa ga duk wanda ya ba da garanti a rubuce, su kuma sun zaɓi kada su rubuta. Amma tambayi masu kayansu, za ka ji suna cikin kamfanonin da aka fi yabo wajen gyara. Kun san irin ɗan kasuwar nan a Kantin Kwari da ba ya rantsuwa, ba ya rubuta komai, amma in ka dawo da yadi mai tabo zai karɓa ya ba ka wani ba tare da ya ɗaga kai daga lissafinsa ba. Kun kuma san wanda zai rantse maka har sau uku.

Sai kalmar nan ta tsawon rai. Ran wa? Wasu kamfanonin ran mai saye na farko suke nufi, da ka sayar ko ka bar wa ɗanka, alkawari ya faɗi. Wasu ran kayan suke nufi. Amma akwai rai na uku da ba a rubutawa a takarda, shi ne ran kamfanin. Remington an kafa shi a 1816, ya girmi ƙasashe da yawa. Ya durƙushe a 2018, ya sake durƙushewa a 2020, aka yanyanka shi aka sayar gunduwa-gunduwa. Wani ya sayi sashen harsashi, Ruger ya sayi sunan Marlin, wasu suka sayi sashen bindigogi. Sababbin masu shi sun sayi suna da injuna, ba su sayi tsofaffin alkawura ba. Wanda ke riƙe da katin da aka ba shi kafin gwanjo, takarda kawai yake riƙe da ita. Haka wani ƙaramin kamfani a Florida mai suna SCCY, mai ƙananan bindigogi masu araha kala-kala, har da ruwan hoda da shunayya, wanda ke tallar garanti mai bin bindiga duk inda ta je. A 2025 ya rufe, kayan masana'antarsa suka tafi gwanjo. Kyan alkawari cikawa, amma sai mai alkawarin yana numfashi.

Akwai ƙananan tambayoyi da ba zan daɗe a kansu ba, kun san su daga kasuwar waya: wa zai biya kuɗin aikawa, wata nawa za ka jira, kuma me za ka riƙe kafin ta dawo. Abin dala 200 da za ka kashe rubu'in kuɗinsa wajen aika shi gyara, garantinsa ya riga ya rame.

To mu dawo gida, inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Lokacin da muke yara, in aka ce 'yan bindiga, mutanen nan ake nufi masu jajayen kaya da ke gaban sarki ranar hawan salla, suna ɗura albarushi suna sakin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta zabura. Kalmar ta canza ma'ana a idonmu, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Bindigar da suke riƙewa, da wadda mafarautanmu ke shiga daji da ita, jikar bindigogin fatauci ce da Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar teku. Sunan da ake kiranta da shi a Turancin Najeriya daga 'yan kasuwar Denmark ya samo asali, ko da yake da yawansu a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Su ne bindigogi masu araha na zamaninsu, an yi su ne musamman don kasuwar Afirka, ana shafa wa katakonsu jan fenti don ya ja ido, kuma sun yi suna wajen fashewa a hannu. Ba yau aka fara sayar mana da ado a rage mana a bututu ba. Mu kuma muka raɗa wa tamu suna mai gaskiya: harba-ka-ruga.

A can Birmingham ɗin, a 1813, doka ta kafa gidan gwajin bindiga, kuma yana nan yana aiki har yau. Kowane bututu sai an harba shi da abin da ya fi ƙarfin harsashin da zai riƙa ɗauka, in ya jure a buga masa hatimi. Sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi laifi ne a Birtaniya. Wannan ya fi kowane garanti, don shi kafin ɓarna yake zuwa.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, maharbi ne, kuma yana da nasa gidan gwajin. Na gani da idona ina ɗan shekara goma sha. Ya karɓo sabuwar bindigar toka daga wani maƙeri, bai ko shiga gida da ita ba. Muka nufi bayan gari, ya ɗaure ta tamau a jikin wata tsamiya, bakinta na kallon gaɓar rafi, ya ɗaura zare mai tsawo a kunama, ya sa muka koma bayan wata suri muka durƙusa. Sau uku yana jan zaren. Bayan kowace ƙara sai ya tashi a hankali, ya je ya shafa bututun da tafin hannu tun daga baki har gindi, idonsa a rufe, yana neman kumburi ko tsaga. Bindigar ba ta da kyan gani ko kaɗan, ƙotarta ko gogewa ba a gama ba. Na tambaye shi me ya sa bai zaɓi wata mai zanen tagulla da na gani a rataye a maƙerar ba. Ya ce zanen tagulla bai taɓa kashe gada ba.

Wani saurayi a unguwarmu shi ya sayi irin mai zanen, a wata kasuwar ƙauye, gun mutumin da bai san sunansa ba. Ya sha yawo da ita a kafaɗa kafin ya taɓa harba ta. Ranar da ya harba, bututun ya tsage daidai inda hannun hagunsa yake riƙe. Mako na zagayowa 'yan'uwansa suka koma kasuwar neman mai kayan, aka ce ba a taɓa ganinsa ba sai ranar nan ɗaya.

Abin da ke shigowa ta teku yanzu ma bai fi wannan mai asali ba. A 2017 kaɗai, kwastam sun kama bindigogi samfurin famfo sau huɗu a Legas: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sannan 1,100 da 470 a Satumba, jimilla 2,671, yawancinsu an ɗauko su daga Turkiyya an ɓoye cikin kwantena a bayan wasu kaya. Sababbi ne fil, baƙaƙe masu sheƙi, irin waɗanda ke ɗaukar ido a hoto. Wanda ya sayi irin wannan a bayan fage, wa zai kai wa ƙara in ta saɓa? Mai sayarwa ba ya son a san shi, mai saye ba ya son a san shi. Kaya ne da aka yanke masa cibiya tun daga jirgi.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Ƙananan bindigogi irin duk waɗanda na ambata a sama, Hi-Point da Glock da Taurus, suna cikin ajin da aka haramta, ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sababbi. Ita kanta bindigar toka akwai jihohin da sai da izinin kwamishinan 'yan sanda. Wanda aka kama da haramtacciya yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ɗan shekara ashirin da biyu ya fito yana da talatin da biyu, sa'o'insa sun yi aure sun kai yara makaranta. Na san halin da ƙauyukanmu ke ciki, na san abin da ke sa mutumin kirki ya fara wannan tunani, ba kuma zan yi wa wanda aka kore daga gonarsa wa'azi daga kan kujera ba. Amma da yawan yaran da na ji suna zancen bindiga ba gona aka kore su ba. Hoto suka gani, ta yi musu kyau.

Shi wancan saurayin na unguwarmu yana nan da ransa, ya manyanta, yana sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha. Yatsu biyu da rabi suka rage masa a hagu, da su yake danne kwali in zai yanka da dama. Kwanakin baya na tsaya gunsa sayen fulogi, sai ga wani ɗan acaɓa ya zo neman sarƙa. Ya ajiye masa guda biyu a kan tebur, ɗaya cikin kwali mai ƙyalli da hoton damisa, ɗaya a naɗe cikin takarda mai maiƙo, kuɗinsu kusan ɗaya. Yaron ya kai hannu kan mai damisa. Mai shagon ya sa guntun hannun nan ya tura masa ɗayar, ya ce in ta tsinke kafin salla ya dawo da ita, yana nan inda ya same shi.